Karo-karo don waɗanda aka tsare kan siyasa: abin da doka ta sauya, da yadda ya shafi mutanen Damagaram

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, akwai tambayar da ke yawo a fadojin shayi na Damagaram da zaurukan WhatsApp na ƴan unguwa, kuma da wuya a samu mai amsa ta gaba gaɗi. Idan aka kama mutum kan maganar da ya yi ko ɓangaren da yake bi, wanda ya kai wa matarsa tiya biyu ta hatsi ya yi laifi? Wanda ya tura jika biyar, wato sefa dubu biyar, ta waya don a haɗa kuɗin lauya fa? A da ba mai tsayawa tambaya. Karo-karo ga wanda tsautsayi ya faɗa wa abu ne da aka tashi aka tarar, tare da na biki, na suna da na rasuwa. Abin da ya kawo shakku shi ne dokoki da matakan da hukumomi suka ɗauka tsakanin 2024 da 2025. Ba a kan karo-karo aka yi su ba, amma sun sa mai miƙa hannu ya fara waiwaye kafin ya miƙa.

Wane ne ɗan kason siyasa?

A takardar tuhuma ba a rubuta cewa an kama mutum saboda siyasa. Abin da ake rubutawa shi ne cin amanar ƙasa, yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa, yaɗa bayanan da ka iya tada hankalin jama'a, almundahana da dukiyar gwamnati, ko alaƙa da ta'addanci. Masoyan wanda aka kama ne da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ke cewa siyasa ce, hukuma kuma ta ce shari'a ce. Daga nan gardamar take farawa.

Ƙungiyar Amnesty, wadda aka kafa a 1961, tana rarrabe mutum biyu. Akwai wanda aka tsare don ra'ayinsa, imaninsa ko asalinsa kawai, bai ɗauki makami ba, bai kuma yi kira a ɗauka ba. Shi ne take cewa a sake shi nan take ba tare da sharaɗi ba. Akwai kuma wanda shari'arsa ke da siyasa a ciki, amma ana zarginsa da wani abu da doka ta hana kowa, kamar ɗaukar makami ko cin dukiyar jama'a. Wannan abin da take nema masa shi ne shari'a ta adalci cikin lokaci. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsarewa ba bisa ƙa'ida ba yana kallon wani gefen: shin akwai dokar da aka dogara da ita, an kai mutum gaban alƙali, an bar shi ya ga lauya?

Mataki ma yana da muhimmanci. Tsarewar farko a hannun ƴan sanda ko jandarma, a laifuffukan yau da kullum, awa 48 ce da za a iya sabuntawa. Bayan ta sai tsarewar jiran shari'a, wadda alƙali mai bincike ke ba da umarninta. A nan mutane suka fi daɗewa, kuma a idon doka har yanzu ba su da laifi. Idan tuhumar ta shafi ta'addanci, wannan jira zai iya kaiwa shekara huɗu. Iyalin da aka gaya wa haka sun san ba maganar ciyarwar mako ɗaya ba ce.

Shari'u biyu aka fi ambata. Ta farko ita ce ta hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum, wanda ya taso a yankin Tasker da Gure, ya kuma yi karatun sakandare a nan Damagaram. Kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce a ranar 15 ga Disamban 2023 tsare shi ya saɓa ƙa'ida, ta ba da umarnin a sake shi. Ba a aiwatar ba. A 14 ga Yunin 2024 kotun ƙasa da sojoji suka kafa ta cire masa rigar kariya, kuma watan Yulin 2025 ya same shi da matarsa Hadiza shekara biyu a tsare a fadar shugaban ƙasa. Ta biyu ita ce ta Moussa Tchangari, babban sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wanda aka ɗauke daga gidansa a Yamai ranar 3 ga Disamban 2024, aka tuhume shi a farkon Janairun 2025 da laifuffukan da suka haɗa da yabon ta'addanci da haɗa baki da maƙiya, aka kai shi gidan kason Filinge.

Damagaram ba baƙuwa ba ce a wannan harka

A 1906 Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa da shirya musu maƙarƙashiya, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, sarautar ba ta dawo daidai ba sai 1923. Bayan an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, musamman bayan yunƙurin tawayen 1964, magoya bayanta da dama, cikinsu har da ƴan wannan yanki inda take da ƙarfi, sun sha ɗauri a zamanin Diori Hamani. Da Seyni Kountché ya kifar da Diori a watan Afrilun 1974, a nan Damagaram aka ajiye shi har 1980, sannan aka mayar da shi ɗaurin talala a Yamai.

Zamanin dimokuraɗiyya bai rufe ƙofar ba. Mahamane Ousmane, ɗan garin nan, ya ga tsarewa bayan Baré ya kifar da shi a Janairun 1996. Tandja Mamadou ya zauna a hannun sojoji daga Fabrairun 2010, kotun CEDEAO ta ce a sake shi, maimakon haka aka kai shi gidan kason Kollo, sai watan Mayun 2011 ya fito. Hama Amadou ya shiga gidan kason Kutukale a 2008 lokacin Tandja, ya shiga Filinge a 2015 lokacin Issoufou, daga cikin kaso ya yi takarar shugaban ƙasa a 2016 har ya zo na biyu. A 2018 an kama jagororin ƙungiyoyin farar hula kan zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗi, cikinsu har da Tchangari ɗin nan da Ali Idrissa da Nouhou Arzika. A Damagaram an kama Sadat Illiya Ɗan Malam a watan Afrilun shekarar, bai fito ba sai Nuwamban 2019.

Wanda ya bi jerin nan zai ga kusan kowane ɓangare na siyasar Nijar ya taɓa zama mai ɗaurewa, ya kuma taɓa zama mai kai kwanon abinci ƙofar kaso. Wannan ne ya sa ba kowa ke saurin tausaya wa waɗanda ke ciki yau ba, kuma shi ne ya sa masu dogon tunani ba sa son a mayar da kai kwanon laifi.

Ina kuɗin suke tafiya?

Mai jin labarin asusun tallafi daga nesa yakan ɗauka kuɗin lauya ne kawai. Lauya na ciki, amma ba shi ne ke fara cin aljihu ba.

Abu na farko ciki ne. Abincin da gwamnati ke bayarwa a gidajen kaso bai isa ba, kuma cunkoso tsohuwar matsala ce da rahotanni suka daɗe suna ambata. Ɗan kaso yana dogara da kwanon gida, da sabulu, da tabarma, da gidan sauro, da maganin da likita ya rubuta wanda sai an saya a waje. Mai ciwon suga ko hawan jini, kamar yawancin dattawan da ake kamawa, maganinsa ba ya jiran ranar zaman kotu. Idan mutum yana gidan kason Damagaram, ko Mirya, ko Matamaye, ko Magarya, iyali za su iya kai masa da babur ko motar haya. Da zarar an ɗauke shi daga yankin, lissafi ya sauya gaba ɗaya.

Kuma ɗaukewar ba abin mamaki ba ce. Sashen shari'a na musamman mai kula da tuhumar ta'addanci a Yamai yake, kotun soja ma haka. Damagaram tana da kotun ɗaukaka ƙara tata, amma manyan shari'un da suka shafi tsaron ƙasa can suke tafiya. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur a bas ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Wanda aka kai Filinge, sai an ƙara wajen kilomita 180 bayan an sauka. Kutukale da Kollo sun fi kusa da babban birni, amma ko su sai an nemi mota, an nemi izinin ziyara, an nemi wurin kwana. Matar da ba ta da dangi a Yamai, ziyara ɗaya ta rabin awa tana iya cin mata kwana huɗu da kuɗin da ya zarce abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a wata, idan aka tuna cewa albashi mafi ƙanƙanta a hukumance jika 42 ne.

Sannan ga gidan da aka bari. Haya ba ta tsayawa, kuɗin makarantar yara ba ya tsayawa, ga wuta, ga ruwa wanda a Damagaram ko da lafiya lau sai an sayi jarka a wasu unguwanni. Mai rumfa a Kasuwar Dole idan ya yi wata uku ba ya nan, abokan ciniki sun koma wani wuri, masu binsa bashi sun matso, waɗanda yake bi sun yi nisa. Galibi mata ne ke ɗaukar wannan kaya: uwa, mata, ƴar'uwa. Su ne ke kwashe adashe kafin lokacinsa, su sayar da akuya ko ɗan kunne, su kuma tsaya layi a ƙofar kaso.

Sai a zo kan lauya. Yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, don haka ko shari'ar a nan take, sau da yawa sai an biya kuɗin tafiyarsa da masaukinsa bayan ladan aiki. Akwai hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi a fannin shari'a, ANAJJ, wadda aka kafa a 2011, amma ƙarfinta kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu buƙata. Wasu lauyoyi kan karɓi irin waɗannan shari'u kyauta, sai dai fitattun mutane suka fi samun wannan gata.

Dokokin da suka sa mutane ɗari-ɗari

A 29 ga Mayun 2024 ma'aikatar shari'a ta fitar da takardar da ta dakatar da ziyarar ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a gidajen kaso har sai abin da hali ya yi. A Fabrairun 2025 gwamnati ta nemi ƙungiyar agaji ta CICR, wato Red Cross ta duniya, ta bar ƙasar, ta kuma rufe ofisoshinta a watannin da suka biyo baya. Cikin ayyukan da aka san ta da su akwai ziyarar ƴan kaso da isar da saƙo tsakaninsu da iyalansu. Da waɗannan ƙofofi biyu suka rufe, nauyin sanin halin da ɗan kaso ke ciki ya koma kan dangi da lauya kaɗai.

A 7 ga Yunin 2024 aka gyara dokar laifuffukan intanet ta 2019. Gyaran ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar sadarwar zamani, wanda aka cire a 2022, kuma yaɗa bayanan da ka iya tada hankalin jama'a yana jawo ɗaurin shekara biyu zuwa biyar. Wannan ya shafi karo-karo kai tsaye, domin ba a tara kuɗi a bainar jama'a ba tare da bayani ba. Mai sanya hoton wanda aka kama a Facebook da lambar waya dole ya rubuta wani abu a ƙasa. Idan ya ce "ku taimaka wa iyalin wane", magana ɗaya ce. Idan ya ƙara da cewa an zalunce shi, ya ambaci wanda ya zalunce shi, to abin da mai gabatar da ƙara zai duba kalaman ne, ba kuɗin ba.

Mafi nauyi ita ce doka mai lamba 2024-43 ta 27 ga Agustan 2024. Ta kafa wani kundi na ƙasa, wanda ake kira FPGE a taƙaice, inda ake rubuta sunayen mutane ko ƙungiyoyin da ake zargi da ta'addanci ko wasu laifuffuka da suka shafi manyan muradun ƙasa da zaman lafiyar jama'a. Ba sai kotu ta yanke hukunci ba, buɗe bincike ko tuhuma ya isa a sa sunan mutum. Wanda aka sa, ana iya daskarar da dukiyarsa, a hana shi tafiya, a kuma janye masa zama ɗan ƙasa na wucin gadi. A watan Oktoban 2024 aka fara amfani da wannan na ƙarshe kan mutum tara na kusa da tsohuwar gwamnati, cikinsu har da tsohon minista Rhissa Ag Boula. Abin lura ga mai ba da gudunmawa shi ne, a tsarin yaƙi da ɗaukar nauyin ta'addanci da ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ke bi, daskarar da dukiyar mutum yana tafiya ne tare da hana a miƙa masa kuɗi. Bankuna da kamfanonin tura kuɗi suna karɓar katin shaida, suna ajiye bayanan mai turawa da mai karɓa, kuma doka ta wajabta musu kai rahoton duk hada-hadar da suka yi shakka a kanta ga CENTIF, hukumar da ke bincikar hada-hadar kuɗi. Jika biyar da aka tura ta waya tana barin sawu, tiyar hatsi ba ta bari.

Akwai kuma tsohuwar doka da ake mantawa da ita, ta 1 ga Maris 1984, tun zamanin Kountché, wadda ta ce ƙungiya ba ta aiki sai da izinin hukuma. Mutum goma da suka naɗa shugaba da ma'aji, suka sa wa kansu suna, suna karɓar kuɗi duk wata, ana iya kallonsu a matsayin ƙungiya marar izini. Jam'iyyun siyasa kuwa, waɗanda a da su ne ke ɗaukar nauyin ƴaƴansu idan an kama su, an dakatar da harkokinsu tun bayan juyin mulki, aka rusa su baki ɗaya a watan Maris 2025. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, ta rufe hanyar kai sababbin ƙararraki kotun ƙungiyar da ke Abuja.

Yadda aka yi a wasu ƙasashe

Masu irin wannan aiki a duniya sun bi hanya biyu da suka saɓa wa juna. A Afirka ta Kudu, lokacin da aka gurfanar da mutum 156 kan cin amanar ƙasa a 1956, cikinsu har da Mandela, wani limamin coci a Landan mai suna John Collins ya fara tara kuɗin lauyoyi da na ciyar da iyalai. Daga nan aka samu asusun IDAF. Gwamnatin wariyar launin fata ta haramta shi a 1966, sai ya koma aiki a ɓoye. Kuɗin lauya yana bi ta ofisoshin lauyoyi daban-daban, na iyalai kuma ta hannun mutane masu sa kai a ƙasashen waje, waɗanda ke rubuta wa matan ƴan kaso wasiƙa kamar abokan arziki su sa kuɗi a ciki. Haka aka yi har 1991. A Poland kuwa, bayan an murƙushe yajin aikin ma'aikata a 1976, masu tara tallafi sun kafa kwamitin KOR suka buga sunayensu da adireshinsu a fili, bisa hujjar cewa abin da suke yi halal ne a doka, wanda zai hana ya fito ya ce ya hana. Sun sha kamu da barazana, amma kwamitin ya rayu.

Gwamnatoci ma suna da dabarunsu, kuma da wuya su ce laifin mutum shi ne tausayi. A tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Alexander Ginzburg, wanda ke rarraba kuɗin asusun da marubuci Solzhenitsyn ya kafa a 1974, an kama shi a 1977 aka yanke masa shekara takwas kan farfagandar ƙin gwamnati. A Hong Kong, babban limamin Katolika Joseph Zen da abokan aikinsa a asusun da ke biyan kuɗin lauya da asibiti ga masu zanga-zangar 2019, an same su da laifi a Nuwamban 2022 kan rashin yi wa asusun rajista, aka ci su tara. A Belarus abin ya wuce masu tarawa: an gurfanar da mutanen da suka ba da gudunmawa kan ɗaukar nauyin tsattsauran ra'ayi, kuma a Janairun 2024 jami'an tsaro sun shiga gidajen iyalan ƴan kaso da suka karɓi tallafin abinci daga wata ƙungiya da ke waje. Ko maƙwabciyarmu Najeriya, wadda ba mulkin soja take ba, babban bankinta ya samu umarnin kotu a Nuwamban 2020 ya rufe asusun banki 20 na masu alaƙa da zanga-zangar EndSARS ta ƙin cin zalin ƴan sanda.

Daga waɗannan misalai, abin da ake kama mutum da shi ya fi zama rashin rajista, hanyar da kuɗin suka bi, ko fitowarsu daga ƙetare. Na ƙarshen nan ya shafi Damagaram sosai, domin gidaje da yawa a yankin nan da kuɗin ƴan ci-rani na Kano, Libiya da Aljeriya suke tafiya.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Magoya bayan gwamnati suna cewa ƙasa tana cikin yaƙi, zancen ƙasa ne. Ana kashe sojoji da fararen hula a Tilaberi da Difa, kuma hukumomi sun sha zargin Faransa da neman dagula ƙasar ta hannun ƴan cikin gida. A ganinsu, kuɗin da ke shigowa da sunan tallafi ba wanda ya san inda yake ƙarewa. Suna da misalin da ya faru a cikin jihar nan: a watan Yunin 2024 aka fasa bututun man da ke zuwa Benin a yankin Tasker, ƙungiyar ƴan tawaye ta FPL ta ɗauki alhaki, kuma cikin buƙatunta akwai sakin Bazoum. Tun da masu ɗauke da makami ma suna kiran a saki fursuna, in ji su, dole hukuma ta binciki duk wanda ke tara kuɗi da wannan suna. Sukan ƙara da cewa mai son taimakon ƙasa ga asusun FSSP nan na tallafa wa tsaron ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023, wanda kowa ke zuba wa ta katin waya da tikitin mota.

Masu kare haƙƙin ɗan Adam suna amsawa da cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta ce, matarsa da ƴaƴansa kuwa ko tuhumarsu ba a yi ba. Haƙƙin samun lauya yana cikin sashe na 7 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita, kuma ƙa'idojin Mandela na 2015, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara kan kula da ƴan kaso, sun tanadi abinci, magani da ganawa da iyali ga kowane ɗan kaso, ko mene ne laifinsa. Idan lauya haƙƙi ne, biyan lauya ba zai zama laifi ba. Babban ƙorafinsu kan dokar Agustan 2024 shi ne kalamanta suna da faɗi, har mai sukar gwamnati da baki zai iya shiga kundi ɗaya da mai dasa nakiya.

Malamai suna da nasu ma'aunin. Aya ta 8 a Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, akwai kuma hadisi ingantacce da ya haɗa kuɓutar da kamamme da ciyar da mayunwaci da gaida marar lafiya. Saɓanin da ake samu a kan salo ne. Wasu na ganin a yi shi a fili don a ƙarfafa wa mutane gwiwa, wasu na cewa sadakar ɓoye ta fi, kuma duk abin da zai zama fito-na-fito da hukuma ƙofar fitina ce.

Akwai murya ta huɗu da ba ta da kakaki, amma ita aka fi ji a tasha da kasuwa: waɗannan manya ne, sun ci sun sha, lokacin da suke sama wa suka tuna? Ga yaron da ya yi shekara biyu yana jiran shari'a kan satar waya, wa ya yi masa karo-karo? Wannan ƙorafi yana da tushe. Sunan da duniya ta sani yana samun lauyoyi daga ƙasashe da dama da sanarwar ƙungiyoyi. Direbansa, ko malamin makarantar da ya tura saƙon murya a zaure, ko ƙaramin sojan da aka haɗa da wani yunƙuri, ba mai buga hotonsu. Sai dai ƙorafin ya fi zama hujjar faɗaɗa taimako zuwa ƙananan, domin su ne tsoron bayarwa ya fi cutarwa. Tsohon minista ba ya jiran tiyar maƙwabci.

Abin da talaka zai gani

Sakamako na farko shi ne taimako yana komawa hannu da hannu, cikin dangi da maƙwabta, da hatsi da girki maimakon lambar waya. Wannan ya fi nisa da haɗarin doka, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Yana iya riƙe tukunya, ba zai biya lauyan Yamai na shekara biyu ba.

Na biyu ya shafi amana. Asusun da ake yi a fili ana iya tambayar ma'ajinsa lissafi, a ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ake yi a ɓoye ba rasit, ba littafi, domin littafin da kansa zai iya zama shaida a kan mutane. Nan ne ɗan damfara ke samun wuri: ya buga waya ya ce shi ɗan'uwan wane ne, ko ya ce ya san wanda zai sa a saki mutum idan aka kawo kaza. Wanda aka cuta kuma ba ya iya kai ƙara, don sai ya faɗi abin da ya ba da kuɗin dominsa.

Na uku ba ya bayyana a lissafin kuɗi. Gidan wanda aka kama yakan ga ƙafa ta ɗauke. Ma'aikacin gwamnati yana tsoron a gan shi a ƙofar, ɗan kasuwa mai neman kwangila haka, har gayyatar biki takan ragu. Doka ba ta umarci kowa da wannan ba, rashin tabbas ne ke haifar da shi, domin wanda bai san inda iyaka take ba yakan tsaya nesa da ita fiye da yadda ake buƙata.

Yadda ake fitowa ma yana koya wa iyalai inda za su sa ƙarfinsu. A 1 ga Afrilun 2025 gwamnati ta sanar da sakin mutum kusan 50, cikinsu har da tsofaffin ministoci, shugaban PNDS, jam'iyyar Bazoum, Foumakoye Gado, ɗan jarida Ousmane Toudou da wasu sojoji. An danganta sakin da shawarwarin babban taron ƙasa na Fabrairun shekarar, ba da hukuncin kotu ba. Iyalin da suka ga haka, suka kuma ga hukuncin kotun CEDEAO bai buɗe wa Tandja ko Bazoum ƙofa ba, za su fi karkata ga neman wanda zai kai roƙo: basarake, babban malami, ɗan'uwa mai galan a kafaɗa. Kuɗin da za a ba lauya sai ya koma kuɗin motar zuwa gaisuwa. Wanda ke da irin waɗannan mutane yana iya ganin sunan nasa a jeri na gaba, wanda ba shi da su kuma zai ci gaba da jiran alƙali mai bincike ya kira fayil ɗinsa.